Babi na Bakwai: Monita Daidai Wuta, Daidai Aljihu

Yawancin shawarwarin da matashi zai tarar a YouTube kan zaɓen monitar buga gem, an shirya su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ƙiftawa, kuma idan kaya ya ba shi matsala zai mayar wa kamfani a sake masa wani. Shi ya sa suke farawa da lambobi: 144Hz, 1ms, 4K. Matashin Araba, can bakin iyaka a ƙaramar hukumar Illela, yana da tambayoyin da suka riga waɗannan lambobi zuwa. Da wace wuta zai kunna ta? Za ta karɓi wayar injin da yake da shi? Za ta jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu? In ta mutu bayan mako biyu, wa zai kama? Ra'ayina shi ne wanda ya amsa waɗannan huɗu ya gama kashi mafi girma na cinikin, sauran kuwa ƙari ne da za a duba in kuɗi sun yi saura.

A babin da ya gabata mun tsaya kan injin gem ɗin kansa. A nan maganar sikirin za mu yi, kuma mutum biyu nake hange. Na farko yaron da ya tara kuɗi daga dakon kaya ranar kasuwa ko daga kabu-kabu, yana son abin da zai ajiye a ɗakinsa. Na biyu wanda ya buɗe, ko yake shirin buɗe, gidan gem a rumfa ko ƙaramin shago, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo wasa-wasa. Ga na biyun, sikirin jari ne, daidai da keken ɗinki ga tela, kuma kuskuren saye yana iya cinye ribar watanni.

Inda kayan suke fitowa

Sabuwar monita a kwali ba ita ce mafi yawan abin da ke hannun mutane a wannan yanki ba. Abin da ya fi yawa shi ne ɗan Kwatano, wato monitocin Dell da HP da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su suka sallama. Suna sauka a Legas, su ratsa ta kasuwar Alaba ko Computer Village da ke Ikeja, su hauro Kano zuwa wurare irin su titin Beirut, daga nan wasu su iso Sakkwato, sannan su bi hanyar Kware da Gwadabawa zuwa Illela, tafiyar sama da kilomita 80 daga Sakkwato. A kowane zango akwai wanda ya ɗora ribarsa, akwai kuma ramin hanyar da ya girgiza kayan.

Ya kamata mai saye ya san yadda tulin yake tun daga tushe. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wani bincike a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, ta gano cewa kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, mafi yawansu daga Turai, da yawa a cushe cikin motocin da ake shigowa da su. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kayan ba sa aiki tun isowarsu. Wannan ba dalilin gudun ɗan Kwatano ba ne. Monitar ofis da aka ƙera domin ta yi awa takwas kullum shekara da shekaru ta fi wasu sababbin marasa suna ƙarko nesa ba kusa ba. Amma dalili ne na kada a biya kuɗi kafin a jona a gani da ido.

Sai ɗaya hanyar, ta tsallaken iyaka. Birnin Ƙonni na nan kusa, kuma mutanen Araba sun san shi kamar tafin hannunsu, ga dangi, ga auratayya, ga ciniki. Sai dai lissafin sayayya a can ya sauya. Sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan farashi tsayayye, ita kuwa naira, tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin da ya kasance araha da jaka kaɗan jiya, yau in aka juya shi zuwa naira sai ya ba da tsoro. Ga kuma ƙofar kanta: an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. Wanda ya sayi kaya a wancan gefen da alkawarin in ya lalace a dawo da shi, ya tuna cewa alkawarin yana rataye ne da hanyar da ba a hannunsa take ba. Wani ƙaramin abu kuma: kayan Nijar kan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, soket ɗin Najeriya kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, don haka sauya waya kawai ake yi, kada a riƙa cusa tsinke a soket.

Wuta ce gaba

A wannan yanki babu mai gina sana'a a kan wutar NEPA kaɗai. Ko dai ƙaramin janareta, ko sola da batir da inbata, ko a haɗa. Tun watan Nuwamban 2019, da hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen bakin iyaka suka san tsadar mai kafin sauran ƙasa su sani. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zo ya ƙara. Saboda haka kowane wat da sikirin ke sha kuɗi ne da ke fita kullum, ba sau ɗaya ba.

Juya monitar ka karanta takardar da ke manne a bayanta. A nan ake rubuta shekarar da aka ƙera ta da irin wutar da take karɓa. In ka ga 100 zuwa 240V, to za ta yi haƙuri da wutar da ke yin ƙasa, kuma ko daga Amurka ta fito ba za ta ƙone a soket ɗinmu ba. Shekarar kuma tana gaya maka irin fitilar da ke haska ta daga baya. Tsofaffin, galibi na kafin wajen 2011, suna da siraran fitilun kwalba da ake kira CCFL. Za ka gane su da kauri da nauyi da zafin da ke fita ta samansu, kuma haskensu kan koma rawaya-rawaya ko ja-ja in sun tsufa. Na baya-bayan nan LED ne. Mai inci 22 zuwa 24 ta LED takan sha wat 20 zuwa 30, tsohuwar mai girma ɗaya kuwa tana iya shan ninkin haka ko fiye. Ita kuwa filasma ta ainihi, ba kowace talabijin ta bango da muke kira da sunan ba, tana iya haura wat 200, kuma ba ta da wurin zama a gidan da ke kan batir ko da kyauta aka ba da ita.

Mu yi lissafin a fili. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya a takarda, amma irin na ruwa ko na jel in ana son ya daɗe, rabi kawai ake sha, wato 600. PS4 Slim yana shan wajen wat 80 in ana tsakiyar wasa. Ka ɗora masa monita mai wat 25, ka ƙara abin da inbata ke ci, ka kai wajen 120: awa biyar ke nan. Ka sauya ta da tsohuwa mai wat 60, sai ka koma ƙasa da awa huɗu. Awa guda a kowane dare, kuma awar da ta fi kowace kawo kuɗi, ta bayan sallar isha, lokacin da samari suka taru. Cikin wata biyu ko uku, arahar tsohuwar ta koma tsada.

Akwai wata dabara da ta dace da mai sola ƙwarai. Wasu monitoci ba sa karɓar wutar soket kai tsaye, suna zuwa da adafta a waje kamar laftof. Na LG da yawa 19V ne, na Samsung da yawa 14V, wasu kuma 12V. Irin waɗannan suna da fa'ida biyu. In wuta ta yi tsalle, adaftar ce kan mutu, a sayi wata, maimakon a buɗe cikin monitar. Sannan mai gyara da ya san aikinsa yana iya ba ta wuta daga batir ta ƙaramar na'urar daidaita ƙarfi, ba sai ta bi ta inbata ba. Na ce wanda ya san aikinsa, domin batir da ke kan caji yana haura 14V, kuma jona shi tsirara ga abin da ke son 12V cif kasada ce.

Kafar da waya za ta shiga

Nan ne aka fi yin asara mai ciwo, domin monitar lafiyarta ƙalau, sai dai ba ta jituwa da injin. PS4 da PS5 ba su da wata kafar hoto sai HDMI. Monitocin ofis masu yawa kuwa, musamman masu arahar, VGA ce gare su, mai shuɗin baki da ƙusoshi biyu, da DVI mai farin baki, wani lokaci da DisplayPort.

DVI ba matsala ba ce sosai. Harshensu ɗaya da HDMI wajen hoto, don haka waya mai kai biyu, HDMI a gefe DVI a gefe, tana wadatarwa, hoton kuma ba ya raguwa. Abin da ba ta ɗauka shi ne sauti. VGA kuwa sai da kwanbata, kuma kwanbata tana da halinta: wadda ba ta da wayar ƙarin wuta ta USB takan ƙi tashi da PS4, wani lokaci kuma sai an shiga saitin injin an kashe HDCP kafin hoto ya fito, wanda ke nufin sai ka nemi aron talabijin ka yi saitin tukuna. DisplayPort tana kama da HDMI a ido har mutum ya ruɗe, amma waya mai arha da ke haɗa su hanya ɗaya take aiki, daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa sikirin mai HDMI, ba akasin haka ba. Wanda ya saye ta domin PS4 ya sayi igiya.

Mai PS2, wanda har yanzu yana nan da ransa a ƙauyuka saboda faifansa da gyaransa ba wuya, gara ya tsaya kan talabijin mai kafofin ja da fari da rawaya. Monita ba za ta ƙara masa komai ba.

Sai sauti. Monitoci da yawa ba su da sifika ko kaɗan, waɗanda ke da ita kuma muryarta ba ta wuce ta waya ba. Ga mai wasa shi kaɗai, hannun PS4 yana da kafar iyafis, magana ta ƙare. Amma gidan gem da babu ihun 'yan kallo da muryar mai sharhi in an zura ƙwallo, rabin armashinsa ya tafi. Don haka a nemi monita mai HDMI da ƙaramar kafar fitar da sauti a kusa da ita, a jona ƙaramar sifika.

Lambobin da ke kan kwali

Hz yana nufin sau nawa sikirin ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Mai 60Hz sau 60, mai 144Hz sau 144. Bambancin gaskiya ne, ido yana ganinsa, hannu yana jinsa. Amma sikirin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da inji ya aiko yake nunawa. PS3 da PS4, har da PS4 Pro, ba sa aiko da fiye da 60. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mai 144Hz domin buga FIFA ko PES a PS4 ya biya kuɗin abin da ba zai taɓa gani ba. Haka mai tsohuwar kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na musamman: da ƙyar take kai 30 ko 40 a wasannin zamani. Shi kam, kuɗin da zai ƙara a monita gara ya sa su a katin hoto ko a ƙarin RAM.

Wanda 120 ko 144 ke yi wa amfani shi ne mai PS5, wanda ya fito a 2020 kuma yana iya 120 a wasu wasanni, ko mai kwamfuta mai ƙarfi da ke buga wasannin harbi irin Counter-Strike da Valorant da Fortnite. Ko shi ma akwai abin da zai tuna. Waɗannan wasanni da intanet ake yin su, kuma cibiyoyinsu suna nesa, a Turai ko Afirka ta Kudu. Saƙo daga nan ya je ya dawo yakan ɗauki sama da milisakan 100. Mutumin da ke jiran 100 a hanya, bambancin 1ms da 5ms da aka buga da manyan baƙi a kwali ba shi ne zai cece shi ba. Balle ma wannan 1ms ɗin, kamfanoni kan auna shi a saitin da ba mai iya wasa da shi saboda yadda yake ɓata hoto.

Jinkirin da ya fi damun mai wasa wani ne daban, kuma ba a rubuta shi a kwali: tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da ganin ɗan wasa ya motsa. A nan monitar ofis, ko mai arha ce, takan doke talabijin, domin talabijin tana tsayawa yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi. Duk wanda ya taɓa jin yara na cewa wannan tibi ɗin tana da nauyi, ko fas ba ya fita da wuri, wannan jinkirin suke nufi. Talabijin da yawa suna da saitin wasa a cikin jerin saitin hoto. Kunna shi kaɗai yana rage nauyin sosai, kuma gidajen gem da dama ba su taɓa taɓa shi ba.

Game da yawan ɗigon hoto, 1920 sau 1080 shi ne daidai, a inci 22 zuwa 24. Ƙasa da haka, kamar 1366 sau 768 da ke cika ƙananan masu inci 19, rubutu da sunayen 'yan wasa kan dushe. A guji masu siffar murabba'i na inci 17 da 19, komai arharsu: wasannin yanzu an yi su ne domin sikirin mai faɗi, a kan murabba'i sai 'yan wasa su zama dogaye sirara, ko a bar baƙin fili sama da ƙasa. Maganar 4K kuwa, a wannan aljihun, a bar ta.

Abin da na fi so mai gidan gem ya kula da shi, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne irin gilashin. Iri uku ne. TN shi ne mafi arha, kuma yana da kyau ne kawai ga wanda ke zaune tsaf a gabansa. Ka matsa gefe launi ya wanke, ka kalle shi daga ƙasa ya yi duhu. IPS yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa. VA yana tsakani, baƙinsa ya fi zurfi, amma yakan ja inuwa a wurare masu duhu in hoto na gudu. Masu ba da shawara daga waje suna auna sikirin da mutum ɗaya a kujera ɗaya. Mu kuwa ba haka muke wasa ba. Biyu ne a benci, kowa ya ɗan karkace, biyar a tsaye bayansu, ƙanana uku a zaune a ƙasa suna ɗaga kai, kowa na jiran layinsa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wasa a wurinmu taro ne. Sikirin da ke yi wa mutum ɗaya adalci ya zalunci tara bai dace da mu ba. Gwajin ba ya buƙatar sanin sunaye: kunna hoto mai launi, ka tsuguna, ka miƙe, ka koma dama da hagu. In fuskar mutum a hoton ta sauya kala, TN ce. Abin daɗi, monitocin ofis masu daraja da yawa IPS ne, kuma fuskarsu ba ta sheƙi, don haka hasken ƙofar rumfa ba ya dawowa cikin ido.

Saboda wannan taron ne ma nake ganin mai gidan gem kada ya ɗaure kansa da monita dole. In benci ya yi nisan mita biyu, inci 24 ta yi kaɗan. Talabijin LED mai inci 32 da saitin wasa, ga sifika a jikinta, tana iya fi masa. Ya dai duba, domin masu inci 32 masu arha da yawa 1366 sau 768 ne duk da abin da aka rubuta a kwali. Monita ta fi dacewa da ɗaki, ko shagon da aka jera tebura kowa da nasa, ko wanda zai yi aiki biyu da ita: gem da dare, da rana kuma buga takardu, cike fom ɗin JAMB, ko koyon zane da gyaran bidiyo. Wannan amfani na biyu ba ƙarami ba ne, kuma shi ne hujjar da yaro zai iya kai wa mahaifinsa ba tare da sunkuyar da kai ba.

A gaban mai shago

A karar Illela ranar Lahadi, ba mai sayen sa daga nesa. Sai an buɗe baki an duba haƙora, an tayar da shi an ga tafiyarsa, an shafa an ji. Haka za ka yi wa monita, kuma kada kunya ta hana ka.

Je da injinka da wayarka in zai yiwu, ko aƙalla laftof ɗin aboki. A filashi ka sa hotuna biyar, kowanne launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. Mai shago zai ce maka, “Wanga lafiya lau yake, yanzu aka sauke shi.” Ka ce, “Na yarda, Alhaji, a dai jona mani in gani, hankalina ya kwanta.” Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan.

A kan fari ake ganin tabon dannewa, wato wuraren da suka yi haske ko duhu saboda an jibga kaya a kai cikin kwantena, da kuma rawayar tsufa. A kan baƙi ake ganin ɗigon da ya maƙale yana ƙyalli, da hasken da ke tsiyaya ta gefuna. Ɗigo ɗaya a can kusurwa abin neman ragi ne, ba abin fasa ciniki ba. Amma layi, ko da siriri kamar zare, daga sama zuwa ƙasa ko daga gefe zuwa gefe, wannan ciwon gilashi ne, ba ya warkewa, ƙaruwa yake yi. Kada ka saurari cewa waya ce, sai in an sauya wayar a gabanka layin ya ɓace.

Sannan ka bar ta a kunne minti 20 ko 30. Je ka sha shayi ka dawo. Cututtuka da yawa ba sa fitowa sai jiki ya yi zafi: hoto ya fara rawa, ko ta ɗauke ta dawo. Kashe ta ka sake kunnawa sau biyu ko uku. Wadda fitilar maɓallinta ke ƙiftawa ta daɗe kafin hoto ya fito, galibi kafasitocin allon wutarta ne suka kumbura. Gyaransu ba tsada, masu gyaran talabijin a Sakkwato da Illela suna yi, amma a cire kuɗin gyaran daga farashi. Gwada kowace kafa, ba wadda mai shago ya zaɓa kaɗai ba. Danna kowane maɓalli, domin monitar da maɓallin sauya kafa ya mutu ta zama mai kafa ɗaya. Rage haske zuwa ƙasa ka duba ta kyamarar waya. In ka ga ratsi masu kauri suna gudu, tana ƙyaftawa a ɓoye, kuma wasu mutane na samun ciwon kai da gajiyar ido daga irin wannan in zama ya yi tsawo.

Duba bayanta ko akwai ramukan ƙusa huɗu, yawanci tazarar santimita 10 tsakaninsu. Da su ake kafe ta a bango. A wurin da ake murnar cin ƙwallo da tsalle, monitar da ke tsaye a kan tebur kwananta ƙidayayyu ne. Wannan kuma yana ba ka damar sayen wadda ƙafarta ta karye ko ta ɓata, wadda kullum ta fi arha alhali gilashinta lafiya lau.

In kun daidaita, a rubuta maka rasit da lambar da ke bayan monitar, da kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai, ko uku ne ko bakwai. A tsaye ake ɗaukar ta, ba a kwance ba, fuskar a lulluɓe da kwali da bargo, kuma a kan cinyarka, kada ka yarda a tura ta but ƙarƙashin buhunan albasa.

Bayan ta iso gida

Zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Kada a manna bayanta da bango ƙam, a bar tazarar da iska za ta bi, kuma a rage haskenta zuwa rabi ko ƙasa. Wannan yana rage zafi, yana rage shan wuta, yana ƙara wa fitilun kwana. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, ba tana kunne ba. A share ta da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse, kada a fesa ruwa a fuskarta, domin yana gangarawa ya shiga ta ƙasan gilashi inda siraran wayoyi suke, daga nan layukan da muka ambata ke farawa.

Janareta ya fi kashe kaya a lokaci biyu: sa'ad da aka tayar da shi, da sa'ad da mai ke ƙarewa yana tari. A tayar da shi ya daidaita kafin a jona, a kuma cire kafin a kashe. Wayar HDMI kada a riƙa zare ta ana mayarwa kayan na kunne, musamman a gidajen da ba a yi wa wayar ƙasa ba, domin ƙaramin tartsatsi ya isa ya kashe kafar, kuma gyaran kafar HDMI ta PS4 ya fi na monita tsada. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare komai daga soket, ko da wasan ya kai minti na 89 kuma wanda ke gaba da ci ɗaya yana roƙon a bari a ƙarasa.